Ɗakin da Muka Gina a Kan Layin Yaya

Yayana mai awon ƙasa ne. Shekara talatin da huɗu ya yi yana saɓe da na'urar nan mai ƙafa uku, yana leƙa ƙasa da ido ɗaya, yana ɗaga wa wani hannu daga nesa: matsa dama, dawo hagu, tsaya nan. Ya auna filin kasuwa, ya auna madatsar ruwa, ya auna hanyar da aka ce za ta zagaye gari, ya auna asibiti mai gado ɗari uku. Ko ɗaya ba a gina ba. Ba laifinsa ba ne. Shi dai zai gama aikinsa tsaf ya miƙa takardu, sai a canza shugaban ma'aikata ko a ce babu kuɗi bana, takardun su shige durowa su yi barci.

A gidanmu abin ya zama na tsokana. Idan ya zo, maigidana ya kan tare shi tun daga ƙofa ya ce, "Yaya, don Allah kada ka auna mana banɗaki, muna da buƙatarsa." Yaya ya yi dariya har da tafa hannu. Amma ni da muka fito ciki ɗaya na san dariyar ba ta wuce haƙori.

Ni ce autarsu, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu. Shi ya kai ni koyon ɗinki, shi ya saya mini keken farko, wanda har yau yana shagona ko da yake ya tsufa. Matarsa ta rasu ba su samu haihuwa ba, bai sake aure ba. Ina faɗin wannan ne don a san wanda na yi wa abin da na yi.

Yana da shekara sittin da ɗaya abu biyu suka same shi a wata guda. Na farko, likita ya ce masa hawan jinin ido ne ke cin ganinsa daga gefe. Ya ce mini ji yake kamar yana leƙen duniya ta cikin bututu, kuma bututun kullum ƙara tsukewa yake. Shekara biyu, in an yi sa'a uku. Na biyu, wani kamfani ya ɗauke shi aiki, ya ba shi ɗaki a bayan ofis. Ba gwamnati ba ce, wasu masu hannu da shuni ne suka haɗu suna son shimfiɗa layin dogo na fasinja daga garinmu zuwa babban birni, kilomita ɗari da casa'in. Duk wanda ya taɓa bin hanyar motar nan ya san dalili. Awa biyar ce idan tanka ba ta faɗi ba, kuma da wuya a yi mako tanka ba ta faɗi ba.

Ni dai da na ji, cewa na yi, "Yaya, gwamnati ma ta kasa, sai wasu mutum biyar?"

A shagona muke. Ya ture yadin da nake yankawa gefe, ya ɗauki tef ɗina ya shimfiɗa shi a kan tebur, ya ɗora almakashi a wannan kai, kwalbar man keke a wancan.

"Ga mu, ga birni," in ji shi. "Kin ga fasinja? An zauna bakin hanya wata shida ana ƙirga su, sun isa har sun yi yawa. Gada a kan kogi, tana da tsada amma za a iya. Abin da zai kashe aikin ko ya raya shi, ƙasa ce. Gwamnati ce ke cewa tashi a tashi. Kamfani sai ya saya, taku bayan taku, ya biya kowa diyyar abin da ke kan filinsa. Idan daji ne da gona, da sauƙi. Idan gini ne, an shiga uku. Kuma jirgi ba mota ba ne, Auta, ba ya kauce wa rami. Idan kika ce ya kauce wa ɗaki ɗaya, sai kin karkatar da shi tun daga kilomita biyu baya."

Wata goma sha huɗu ya yi yana bin wannan hanya da ƙafa, da idon da ke mutuwa, yana lallaɓa layin ta bayan ƙauyuka da gefen duwatsu. Takalmi uku ya cinye. Da ya gama, gini arba'in da ɗaya kacal layin ya taɓa a duk tsawonsa. Shugabar aikin, wata injiniya ƙarama da ta kai a ce 'yarsa ce, ta duba taswirar ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Saura masu zuba jari su zo su gani da idonsu bayan wata huɗu. Idan suka sa hannu, a shekarar za a fara share hanya.

Sirri ne babba. Ba a kafa turke ko ɗaya a sama ba, ƙarafa suke binnewa a ƙasa. Duk wanda ya tambaye su me suke aunawa, su ce wayar sadarwa za a binne. Mutum uku kaɗai suka san inda layin ya bi: injiniyar, mai kamfanin, da Yaya.

"Ba jirgin nake son gani ba," ya ce mini ranar nan a shago, yana naɗe tef ɗin. "Na san ba zan kai ba. Katafila kawai. In ga katafila ta bi layin da na ja, ko taku ɗari ne, kafin fitilar ta mutu. Shi ke nan, ban roƙi komai ba bayan wannan."

Muna da wani fuloti a bayan gari, wajen kilomita ashirin da uku, da muka saya tun yaranmu suna ƙanana, muna ta cewa za mu gina ba mu gina ba. Wata rana da hantsi Yaya ya shigo shago, bai ko zauna ba. Ya jira mai karɓar ɗinki ta fita, sannan ya rage murya.

"Kun fara aiki a fulotin nan?"

"Sai bayan damina, in ji baban yara."

"To kada ku sa ko bulo ɗaya. Layin ta tsakiyarsa ya bi. Za a biya ku kuɗin fili, ku sayi wani. Ba na son ku zuba wahalarku a rushe. Auta, wannan magana daga bakina sai kunnenki."

Na ce, "Haba Yaya, sai ka ce yarinya."

Kafin rana ta faɗi na gaya wa maigidana. Ba da mugunta ba. Wace mace ce za ta ji an ce filinsu zai tafi ta yi shiru? Shi kuwa makaniki ne, kansa ba ya hutawa da lissafin yadda za a yi abu ya fi. Ya sosa gemu, sannan ya ce, "Fili fanko me za a ba mu? Amma da a ce da gini a kai fa?"

Na ce Yaya ya hana. Ya ce Yaya ya hana ne don kada mu yi asara, wannan kuwa ba asara ba ce. Ya ce ɗaki ɗaya tak a cikin kilomita ɗari da casa'in, wa zai ma lura? Arba'in da ɗaya ya zama arba'in da biyu. Ya ce yaranmu biyar a ɗaki biyu, kuma masu kamfanin nan ko ƙirga kuɗinsu ba sa iyawa. Na so in ce na yi gardama sosai. Ban yi ba. Ni ce ma na sayi kwanon rufin da abin da na tara na ɗinki.

Ranar da Yaya ya zo cin abinci, maigidana ya jefa masa tambaya kamar hira. Wai ta wace kusurwa layin zai shiga, don ya san ko bishiyarsa za ta tsira. Yaya, da bai taɓa iya ƙarya ba sai ta wayar sadarwa, ya ce, "Daga tankin ruwa ya miƙe sak zuwa tsakanin duwatsun nan biyu." Ya kalle ni, na sunkuyar da kai ina kwashe kwanuka.

Muka kira birkila. A nan muka yi wautar da ta fi ta farko. Maigidana ya ce masa ɗaki ɗaya, ba harsashi, siminti kaɗan, a gama cikin kwana biyar, kuma lallai a tsakiyar fuloti, ba a gefe ba. Birkilan nan shekara ashirin yana gini. Ya dubi maigidana ya ce, "Maigida, wannan ba ɗakin kwana ba ne, ɗakin rushewa ne. Wa zai biya?" Maigidana ya yi dariya, ya ce masa ya riƙe bakinsa, har ya nuna masa tankin da duwatsun don ya daidaita ginin. Mutumin da abincinsa ke cikin gini muka ce wa ya ɓoye labarin gini.

Ba sai da taswira ba. Birkila yana da igiya, kuma kowa ya san jirgi miƙewa yake. Ya ja igiyarsa daga tanki zuwa duwatsu, duk mai fili a ƙarƙashinta ya samu labari kafin mako. Wanda ba shi da fili ya sayi taku goma. Daga nan yara masu kiwo suka fara tono ƙarafan da aka binne, ƙauye na gaba ya ɗauka daga inda namu ya tsaya, na gaba da shi ma haka. Bulo ya yi tsada a gari. Masu tifa suka daina barci. Ban taɓa ganin mutanenmu sun haɗa kai sun yi aiki da sauri irin wannan ba, kuma wallahi da a kan abin kirki ne da tuni mun wuce inda muke.

Yaya yana can ɗaya ƙarshen, wajen kogi, sai bayan mako biyar ya dawo. Ina wurin ranar, na kai wa maigidana ruwa. Motar kamfani ta tsaya, ya fito, ya tsaya yana juya kansa a hankali dama da hagu, don idonsa ba ya ɗaukar abu da yawa lokaci guda. Layin da ya ja ne a gabansa, miƙe sak kamar yadda ya ja shi, amma da ɗakuna. Ɗaki bayan ɗaki, ba taga, ba ƙofa, wasu ko rufi babu, har inda ido ya ƙare. Ya tako har gaban namu, ya dafa bangon. Yashi ya zubo masa a hannu.

"Na wa ne wannan?"

Ya juyo har bututun nan nasa ya same ni.

"Auta."

Da ya zage ni da na ji sauƙi. Sunan kawai ya kira, ya zauna a kan wani bulo, ya cire hularsa ya riƙe. Can ya ce wa maigidana, "Ku rushe naku. Yau. Ku kuka fara, idan aka ga kun rushe za a ce labarin ƙarya ne. Zan biya ka abin da ka kashe."

Maigidana ya ce, "Yaya, in na rushe nawa, sauran ɗaruruwan za su rushe? Sai dai in tashi a tutar babu, su su ci. A ba ni mako in yi tunani."

Yaya ya kalle ni. Kalma ɗaya yake jira. Kwanon nawa ne, da na ce a cire za a cire. Na tsaya riƙe da jarkar ruwa, zuciyata tana cewa ai aikin gama ya gama, tana kuma cewa wataƙila masu kuɗin su biya duk da haka. Ban ce komai ba, kuma wannan shirun ya fi ginin ci mini rai har yau.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi. Dattijo mai shekara sittin da biyu ya riƙa bin ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya yana roƙo. Yana cewa, "'Yan'uwa, idan ginin ya yi yawa ba za a yi layin ba, ba wanda zai samu ko sisi." Su ce, "To Baba, mun ji," yana juya baya su ɗora wani bulon. Wani ma ce masa ya yi, "Ai ƙanwarka ce ta fara, ko ita kaɗai kake so ta ci?" Ya faɗa rami sau biyu don ba ya ganin gefensa. Ya rame har wandonsa sai da na rage masa ƙugu, ya kawo, ya karɓa, bai ce mini komai ba sai "na gode".

Da roƙo ya ƙi, sai ya yi abin da ban taɓa zaton zai yi ba. Ya sayi katako da jan fenti da kuɗinsa, ya fere turaka fiye da ɗari biyu, ya je can gabas da layin gaskiya ya kafa su a fili, da rana tsaka, yana leƙa na'urarsa don kowa ya gani. Mutumin da bai taɓa rubuta lambar ƙarya ba a shekara talatin da huɗu. Tunaninsa mutane za su kwashe bulonsu su koma can. Suka je kuwa, suka gina a can, suka bar na nan a tsaye. Wai kada a sa ƙwai duka a kwando ɗaya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, don ta gabas ɗin ce kaɗai hanyar da injiniyar take tunanin karkatar da layin idan ta kama.

Ranar da masu zuba jarin suka zo, motoci huɗu ne. Kowa ya tsaya a bakin ɗakinsa da tufafi masu kyau. An aro labule an rataya, an ɗaure awaki, an shanya wanki don a ce da mutane a ciki. Wani ya rubuta "makaranta" da gawayi a bangon ɗakin da ko akuya biyu ba zai ɗauka ba. Wani ya haƙa rijiya iya gwiwa ya zagaye ta da bulo. Ni ma ina tsaye a bakin namu, ba zan ɓoye ba. Suka fito a tsayawar farko, suka ɗauki hoto. A ta biyu mutum ɗaya ya fito. Da suka iso wajenmu ko gilashi ba su sauke ba. Na hango Yaya a kujerar baya ta motar ƙarshe, ya miƙe zaune yana kallon gaba.

Gini dubu biyu da ɗari uku da wani abu aka ƙirga. Rahoton ya ce fasinja akwai, gada za ta yiwu, amma kuɗin sayen hanya da shari'un da za su biyo baya sun fi ƙarfin kowane kamfani, kuma duk inda aka mai da layin haka za a sake yi. Aikin ba zai yiwu ba. Ba layi, ba diyya. Ba wanda ya samu ko sisi, kamar yadda ya faɗa.

Direban kamfanin ne ya ba ni labarin abin da ya faru a ofis. Injiniyar ta rufe ƙofa ta ce, "Baba, mu uku muka sani. Ni ban faɗa ba." Ta ce masa idan an saci taswirar ne ko an bi sawunsa, ya faɗa, za ta rubuta haka. Hanya take ba shi, don tana ƙaunarsa. Ya ce, "Ba a sata ba, 'yata. Ni na faɗa da bakina." Ta ce wa? Ya ce wannan kuma nasa ne. Ta yi kuka, ta sa hannu a takardar sallama, aka ba shi mako biyu ya bar ɗakin bayan ofis.

Ba wanda zai sake ɗaukar mai awon da ya fitar da sirrin layi, balle wanda ba ya ganin gefensa. Na je na durƙusa na ce ya dawo gidanmu. Ya ce yara biyar a ɗaki biyu, ina zai shiga? Gaskiya ne, amma na san ba shi ne dalilin ba. Ba zai iya kallon maigidana kowace safiya ba, shi ma maigidana tun ranar bai iya haɗa ido da shi ba. Muka duba dangi kaf, kowa a cushe. Ɗaki ɗaya ne kaɗai a duk zuri'armu da ba kowa a ciki.

Na sa aka yi wa ɗakin da muka gina a fulotin ƙofa da taga, aka yi daɓe, aka tokare bangon da ya fara tsagewa. Sauran ɗakunan ruwan farko ya kwantar da rabinsu, masu su sun kwashe kwano sun gudu. Ranar da muka kai shi, ni na shirya kayan da hannuna. Na sa gadon a tsakiya, inda iskar taga za ta same shi, na jingine na'urarsa a kusurwa cikin akwatinta.

Ya shigo yana lalube da sanda. A lokacin sai abin da ke gabansa sak yake gani, shi ma dishi-dishi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya fuskanci wajen tanki, ya juya ya fuskanci wajen duwatsu. Ya taka daga wannan bango zuwa wancan yana motsa leɓe, ya dawo rabi, gwiwarsa ta bugi ƙarfen gadon. Ya shafa shi.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ja gadon nan gefe. A kan layi yake."

Na buɗe baki in ce masa babu layi, ba za a yi ba, mu muka kashe shi. Ya tsaya yana jira, hannunsa a kan ƙarfen. Na kama ɗaya gefen, muka ja shi tare har jikin bango.